Kawun Amarya Ba Ya Hawa Kujera

Medan, watan Shawwal

Zuwa ga yayata, Uni Rosmaniar, a Koto Panjang.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da yara kuna lafiya, an kuma yi salla lafiya. Buhun shinkafar da kika aiko ya iso, Allah ya ƙara wa gonar albarka. Sai dai direban da ya kawo shi ya haɗo mini da labarin da ba ki sa a buhun ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A tsaye nake rubutun nan, don har yanzu ni da zama ba ma ga maciji.

Ya ce ranar da za a je ɗauko angon 'yarki Yenti, daga gidan danginsa kamar yadda al'adarmu ta tanada, bayan Babbar Salla, Darwis ne zai yi magana da yawun gidanmu. Darwis, Uni? Ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, wanda in ya yi sallama sai an tambaye shi me ya ce? Na yi dariya a gaban direban don kada ya koma ƙauye da wani labarin, amma da ya tafi ko abinci ban iya ci ba.

Kin ga abin da aka yi mini da idonki. An tsaga ƙuguna, an haɗe gaɓa biyu na ƙashin bayana sun zama ɗaya, an ɗaure su da kusoshi da sandunan ƙarfe. Ina nan lokacin da likita yake miki bayani, ban ji ya ce ya taɓa harshena ba.

Ciwo kam ba zan yi miki ƙarya ba, yana nan. Kafin aikin ta ƙafar hagu yake sauka, kamar ana kwarara mini ruwan zafi. Yanzu ya bar ƙafar ya tare a ƙugu, ya shimfiɗa tabarmarsa, da alama ba baƙon kwana uku ba ne. Da safe sai matata Erna ta mirgina ni gefe kafin in sauko daga gado. Shekara talatin ina jera faranti daga yatsu har kafaɗa a gidan abincin Haji Bustami, ban taɓa zubar wa mutum miya a riga ba. Yau an tsayar da ni wurin kaɗa shayi da ƙwai, yaran da na koya wa aiki suna wuce ni da farantai suna cewa, “A hankali, Pak,” wato baba. Na haɗiye wannan. Salla a kujera nake yi a gefen sahu tare da tsofaffin da ba su da haƙori, shi ma na haɗiye. Wannan da kika shirya kuwa ba zai wuce mini a maƙogwaro ba.

Gidan naki ne, gonar taki ce, bayanki na 'ya'yanki mata ne. Haka muka taras, ban taɓa jin haushi ba ko sau ɗaya. Ko ɗaki ba ni da shi a gidan da aka haife ni. Abin da na gada guda ɗaya ne: in zauna a gaban mutane in yi magana da yawun 'ya'yan 'yar'uwata. Don shi na kwana a masallacin unguwa ina yaro, kawunmu yana tsula mini sanda a gwiwa har zancen ya zauna a kaina. In kin ɗauke wannan kin ba Darwis, to ki gaya mini ni wane ne a Koto Panjang, ban da mai ciwon bayan nan na Medan.

Ina jiran amsarki, kada ki aiko ta bakin direba. Erna tana gaishe ki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Masril

Koto Panjang, watan Shawwal

Zuwa ga ƙanena Masril.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ƙara sauƙi, takardarka ta iso. Na karanta ta, na ajiye har fushina ya sauka, sannan na sake karantawa.

Direba bai yi ƙarya ba. Laifina ɗaya, da ban riga shi gaya maka ba.

Ba wanda ya ce harshenka ya samu rauni, takardarka ma shaida ce. Amma ɗauko ango ba a tsaye ake yinsa ba, ka fi ni sani. A tabarma ake zama, ƙafa a tanƙwashe, tun hantsi har a ci abinci a nemi izinin tashi. Mai magana da yawun dangin angon kuwa dattijon nan Datuk Malano ne, wanda in ya samu abokin zance yakan manta rana tana tafiya. Kai da ba ka iya zaman minti kaɗan a kujera, yaya za ka yi da tabarmarsa?

Na yi tunanin a tafi maka da kujera. Sai na hango ka zaune a sama, dattawan mutane suna ƙasa suna kallon tafin ƙafarka a cikin gidansu. Ba a taɓa yi ba, ba kuma a kan auren Yenti za a fara ba.

Kada ka yi mini ƙarfin hali, Masril. Ni na kwana a gefen gadonka a asibiti. Ni na ji ka kana kiran mahaifiyarmu da ta rasu tun kafin a haifi Yenti. Erna ta gaya mini ko sabulu ya faɗi a banɗaki sai ka kira ta. Na binne mijina, ba ni da wani ɗan'uwa ciki ɗaya sai kai. Ba zan mayar da kai ƙarƙashin wuƙar likita don a ce kawun amarya ya iya zance ba.

Ka zo biki. Zan gyara maka gado a ɗakin gaba, kowa ya shigo ya gaishe ka a matsayinka. Darwis ba shi da baki, na sani, amma yana da baya, kuma yana ƙoƙari. Rigakafi ya fi magani.

Ka riƙa shan maganinka, ka daina tsallake gashin ƙashi. A gaida Erna da haƙuri da kai. Wassalam.

Yayarka,
Rosmaniar

Padang, watan Zulƙida

Mamak, kawuna na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, don Ibu, mahaifiyata, ba ta san na rubuta ba. Yaya jiki? Kada ka ce da sauƙi, na san amsar ke nan ko da ana yanka ka.

Na je gida ranar Asabar da aka tashi makaranta. Da la'asar na zagaya bayan gida, sai na tarar da kawuna Mak Darwis tsaye a bakin kududdufi yana yi wa agwagi jawabi. Wallahi, Mamak. Ya ɗaga hannu ya ce, “Ya ku dattawan gida masu daraja,” sai ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya sake cewa, “Ya ku dattawan gida.” Agwagin suka gaji suka shige ruwa. Da ya gan ni ya ce, “Yenti, don Allah ki roƙi uwarki ta sake ni. Ni fa noma na iya. Jiya na yi mafarkin Datuk Malano yana tambayata, na buɗe baki sai kukan akuya.” Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma na shiga ɗaki na yi kuka.

Tun ina ƙarama nake jin ka a bukukuwan mutane. Mu yara mukan laɓe ƙarƙashin taga, in ka jefa magana ɗakin ya ɗauki “ƙwarai, ƙwarai,” sai in dafa ƙirji in ce wa ƙawayena kawuna ne. Tun lokacin na sa a raina ranar tawa ma haka za a yi. Uda Hendri, wanda zan aura, makanike ne, ba mai yawan magana ba, amma danginsa suna ji da kansu. Ina so su san ni ma daga gida na fito.

To amma Ibu ba ta yi ƙarya ba, ni ma na gan ka a asibiti. In ka zo ka kwanta a ɗakin gaba kamar kayan lefe, raina zai ɓaci. In ka zauna a tabarmar nan wani abu ya same ka, ba zan yafe wa kaina ba, Ibu kuma sai ta jefa ni rijiya. Ban san me zan ce maka ba. Kowa yana yanke hukunci a kan aurena, ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa nake faɗa ko ba a tambaya ba: ni kai nake so.

Ka gaishe mini da matarka, Tante Erna. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Yenti

Medan, watan Zulƙida

Uni,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan shirye-shirye suna tafiya daidai.

Zancen kujera ki bar shi, ko kin kawo ba zan hau ba. Ban lalace har in zauna sama da dattawa a gidansu ba. Gadon ɗakin gaba kuma ki ajiye wa mai jego.

Ga abin da nake ciki. A bayan gidan abinci akwai ɗakin ajiyar shinkafa, da ginshiƙin katako a tsakiya. Kullum in an tashi daga cinikin rana nakan shiga in rufe ƙofa. Da farko a kan buhu biyu na zauna. Da jiki ya saba na janye ɗaya. Makon jiya na sauka ƙasa, Uni. Gwiwa ɗaya tukun, sannan hannu, sannan in sauke kaina a miƙe kamar ana sauke tulu cike da ruwa. Na tanƙwashe ƙafa, na fuskanci buhunan, na yi musu jawabin neman ango tun daga farko. Da na gama na kama ginshiƙin na miƙe.

Ranar farko na yi amai don azaba. Ban ɓoye miki ba, tunda Erna za ta gaya miki ko na ɓoye. Ta tsaya a kaina tana cewa, “Maigida, wai kai da wa kake faɗa ne?” Na ce da wannan baƙon da ya tare mini a ƙugu. Ya karɓe mini aiki, ya karɓe mini sujada, ya karɓe mini barci. Na ja masa layi a nan, in ya isa ya tsallaka.

Na tambayi likita, don kada ki ce ban tambaya ba. Yaro ne, kunnensa ko gashi babu, amma ya san aikinsa. Ya ɗaga hoton bayana ya ce, “Pak Masril, ƙashin ya kama, ƙarfen ba zai karye don ka zauna ba. Amma ban ba ka shawara ba, za ka ji a jikinka.” Na ce, “Likita, yanzu a jikin wa nake ji, na maƙwabcina?” Ya yi dariya ya ƙara mini ƙwayoyi.

Kin ce kin ji ni ina kiran mahaifiyarmu a asibiti. Gaskiya ne, na kira ta, ba na jin kunya. Da ta amsa kuwa, da kin ji abin da za ta ce a kan miƙa bakin gidanta ga wanda bai roƙa ba alhali ɗanta yana numfashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan nawa ne, ni zan ce ya isa ko bai isa ba.

Na riga na kama wuri a mota. Zan iso kwana biyu kafin biki, in kwanta a masallaci kamar yadda na saba. In kin ga dama ki tura Darwis, sai mu zauna mu biyu, mutane su ga wanda zai fara buɗe baki.

Ki yafe mini kaushin harshe, ciwo ne ya ƙara masa gishiri. Wassalam.

Masril

Koto Panjang, watan Zulhajji

Masril,

Salamu alaikum. Ka zo. Na gaya wa Darwis, ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala har sau uku. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. In ka faɗi a gaban mutane kada ka aiko a kira ni, ina gida tare da amarya.

Ka taho da rigar sanyi, damina ta sauka.

Rosmaniar

Koto Panjang, ƙarshen Zulhajji

Zuwa ga ƙanena Masril.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan ka isa Medan lafiya, tunda ba ka ga ya dace ka tsaya ka yi mini sallama ba. Washegarin biki na aika maka da abin kari masallaci, aka ce ka bi motar farko.

Zan fara da faɗa, don in na fara da yabo ba za ka karanta sauran ba. Wane irin abu ne ka yi mana? Mun sa ran ku dawo da ango kafin azahar. Azahar ta yi, ta wuce. Mai ɗaura aure yana zaune yana kallon ƙofa, naman rendang ya huce an sake ɗumamawa, Yenti da wannan uban nauyin adon a kanta har wuyanta ya sage. Na aika a dubo ku, aka dawo aka ce an gama cin abinci tuni, amma kawun amarya ya ƙi neman izinin tashi. Wai ka tsaya tambayar sarautar da za a laƙaba wa ango, wa ya riƙe ta kafin shi, wa ya riƙe kafin wancan, har ka kai ga kakan kakansa. Daga nan ka koma yabon shinkafarsu da ruwan da ya shayar da ita. Ka san ba mai warware ƙafa sai kai ka nemi izini ka fara miƙewa. Gwaggwannin ango har sun fara raɗa cewa akwai abin da ya ɓata maka rai. Da kuka iso kuma, ana shafa fatiha ka ɓace, ko loma ba ka ci a gidanmu ba. Girman kai ne, ko fushin takardata ne bai huce ba?

To, na gama. Yanzu sauran.

Masril, garin nan ba shi da zance sai naka. Darwis ya dawo bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce da ka ajiye farantin ganyen sirih, ganyen taunawa na girmama dattawa, a gaban Datuk Malano ka ce, “Da ganye muka zo, ba da igiya ba, akwai ɗan zakara a gidan nan da muke so ya je ya yi mana cara,” tsohon ya gyara zama, ya san yau ya gamu da daidai shi. Duk inda ya ɓullo ka tare. Shi da bakinsa ya gaya wa mutane a kasuwa cewa rabon da a gajiyar da shi haka tun yana da baƙin gashi.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na ƙarshe. An ce ango ya rarrafo ya zo gabanka tun kafin ya nemi gafarar nasa kawunnan, kai kuma ka nemi izini, ka rungume shi, ka ɗaga shi tsaye da hannunka. Ba a taɓa ganin kawun amarya ya yi wa ango wannan karamci ba. Uwarsa ta yi kuka, masu raɗa suka yi shiru. Yanzu har wasu suna cewa su ma haka za su yi a nasu bikin.

Na yi kuskure a kanka, na faɗa da bakina. Ashe bayanka ya warke fiye da yadda na zata, har kana ɗaga ƙato irin Hendri. Alhamdu lillahi. Masu neman ƙanwar Yenti, Rina, za su zo bayan girbi. Kai za ka tarbe su, ba sai na tambaye ka ba.

A gaida Erna. Wassalam.

Yayarka,
Rosmaniar

Padang, watan Muharram

Ibu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan gajiyar biki ta sake ki. Muna lafiya, ɗakin da muka kama ƙarami ne amma akwai iska.

Akwai maganar da Uda Hendri ya ce kada in faɗa, ni kuma ba zan iya riƙe ta ba. Da muka tare na ga shatin haƙora a kafaɗarsa, ya yi baƙi ƙirin. Na ce, “Wace ce?” Ya ce ba kowa. Na ce to in ba kowa, gobe ina Koto Panjang. Da ya ga na fara naɗe kaya ya ce, “Zauna. Kawunki ne.”

Ibu, Mamak bai ɗaga Uda Hendri ba. Uda Hendri ne ya ɗaga shi.

Ya ce don girmamawa sun zaunar da Mamak a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, nesa da ginshiƙi. Shi yana zaune daura da shi cikin kayan ango, yana ganin komai. Har aka ci abinci Mamak yana daidai. Da aka kwashe kwanuka, lokacin neman izini ya yi, sai ya ga Mamak ya dafa tabarma ya yunƙura kaɗan, jikin bai motsa ba. Ya sake, bai motsa ba. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sai kawai ya ɗago kai ya yi murmushi ya ce, “Datuk, kafin mu tashi, akwai 'yar tambaya.” Duk tambayoyin nan da suka tsayar da mutane, lokaci yake ja ko ƙafar za ta dawo. Datuk kuwa ya ɗauka gasa ce, ya zage yana amsawa. Ɗaki cike da maza, kowa yana jinjina kai yana “ƙwarai,” ba wanda ya lura mutum yana mutuwa a zaune.

Da Uda Hendri ya gane halin da Mamak yake ciki, ya rarrafa ya je gabansa kamar zai nemi gafara. Ya ce yana jin idon kawunnansa a bayansa kamar allura. Ya sunkuya ya kama hannunsa.

“Mamak, lafiya?”

“Kai ango ne ko likita?”

“Ƙafar ce?”

“Ƙafar ta tafi gida tun ɗazu, ta bar ni a nan. Bayan kuma wuta yake ci. Kana da ƙarfi, ko kayan ne suka cika ka?”

“Ina ɗaga injin mota, Mamak.”

“To yau ga tsohon inji. Zan nemi izini. In na gama zan rungume ka, ka tashi a hankali, baya a miƙe, kamar ni nake ɗaga ka. In ka yi nishi, ka manta da Yenti.”

Ya ce Mamak ya yi jawabin neman izinin nan muryarsa ko rawa ba ta yi, har da ba'a aka yi dariya. Sannan ya zuba masa hannu a wuya. Suna miƙewa ya ji haƙora sun shige kafaɗarsa ta cikin riga, don kada ihu ya fita. Sun daɗe a tsaye a rungume, mutane suna ta sa albarka, ashe jira yake jini ya sauka ƙafarsa. Da ya sake shi ya ce masa a kunne, “Ka iya aiki. Ka rufe bakinka.”

Bayan fatiha da aka neme shi aka rasa, yana masallaci kwance a kan siminti. Uda Hendri ya saci jiki ya kai masa ruwa, ya tarar yana hawaye shi kaɗai. Ya kore shi ya ce ya koma wurin matarsa.

Ni na rubuta masa na ce shi nake so, Ibu, ba ki sani ba. Tun da na ji labarin nan ban yi barcin kirki ba. Ban san ko in yi alfahari ba, ko in nemi gafara.

Ki gaida Rina. Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Yenti

Koto Panjang, watan Muharram

Masril,

Salamu alaikum. Yenti ta gaya mini komai, Erna kuma ta ƙarasa: tun da ka koma kana kwance, ba ka fita aiki ba.

Na zage ka, na yi kuka, na sake zaginka. Ina nan ina ɗumama nama ina cewa girman kai ne, kai kana can kana cizon surukinmu. Ka bar ni na rubuta maka yabo a kan bayan da bai warke ba. Mutum hamsin a ɗaki, ba ka iya cewa ɗaya ya ba ka hannu ba?

Ka yi abin da ka ce za ka yi, ba mai ƙwace maka shi. Amma na janye maganar Rina. Ba zan sake zama a gida ina jira alhali ƙanena yana mutuwa a tabarmar mutane ba. Wannan karon ba shawara nake nema ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya rage maka taurin kai.

Yayarka,
Rosmaniar

Medan, watan Safar

Uni,

Wa alaikumus salam. Na tashi, jiya na koma wurin shayi. An sake ɗaukar hoto, ƙarfen yana inda aka sa shi. Na tambayi likita yaushe ciwon zai tafi, wannan karon ya dube ni ya ce wataƙila ba zai tafi ba. Na gode masa da ya daina yi mini kwana-kwana.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya. Na wahalar da Yenti, na wahalar da ke, na ciji yaron kirki, duk don kada a ga an ɗaga ni. Ba zan ƙara ba. Ki gaya wa Yenti ba ta da laifi, ko ba ta rubuta ba da na zo.

A sauran kuwa ba ki yi gaskiya ba. Bayan girbi ina nan tafe, ni zan tarbi masu neman Rina, a tabarma, ƙafa a tanƙwashe. In na gama magana zan ce da ƙarfi, kowa ya ji, “Bayana ƙarfe ne, ba na iya tashi, mutum biyu su zo su ɗaga ni.” Za su ɗaga ni a gaban dattawa da baƙi. Wanda abin ya ba kunya ya rufe idonsa.

Erna tana gaishe ki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki, kawun 'ya'yanki,
Masril